Kujera Ɗaya a Zauna, Ɗaya a Bari: Yadda Wani Bikin Kiɗa na Ostiriya Ya Tsallake Shekarar Korona

Asalin lamarin

Garin ƙarami ne, mutanensa dubu 150 ne da 'yan kai, yana yammacin Ostiriya dab da iyakar Jamus. Sunansa Salzburg, inda aka haifi Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, kuma duk shekara ana yin babban bikin kiɗa a cikinsa. A nan za a riƙa cewa garin da bikin kawai. An fara bikin ranar 22 ga Agusta, 1920, da wasan kwaikwayo guda ɗaya a filin da ke gaban babban cocin garin, ƙasar ba ta ma gama farfaɗowa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba. Ke nan 2020 ce shekarar cikarsa ɗari.

Abin da ke kawo mutane shi ne kiɗan Turai na rubuce, wanda ake kira kilasik, da kuma opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa. Ƙungiyar makaɗa ɗaya takan kai mutum 80 zuwa 100: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu busa ƙaho, masu ganga, da madugu a tsaye a gabansu yana bi da su da ɗan siririn sanda. Makaɗan Filhamonik na Viyana su ne kamar 'yan gida, a garin suke shafe lokacin zafi kowace shekara. Sauran baƙi ne daga Jamus, Ingila, Rasha, Amurka da wasu wurare, haɗe da gwanayen da ke kiɗa ko waƙa su kaɗai.

Gayyatar irin waɗannan baƙi ba aikin wata ɗaya ba ne. Akan ƙulla yarjejeniya shekara biyu ko uku kafin ranar. Ƙungiyar da za ta tsallako teku kuma ba ta zuwa domin dare ɗaya, tun da kuɗin jirgi da otal da dakon kayan kiɗa ba za su fita ba. Sai ta jera garuruwa, yau nan, gobe can, kowane gari ya ɗauki wani kaso na nauyin. Idan gari biyu ko uku suka janye, tafiyar gaba ɗaya ta rushe.

Tsarin shekarar ɗari ya ƙunshi wasanni 200 cikin kwana 44 a wurare 16, daga 18 ga Yuli zuwa 30 ga Agusta. Kafin annoba ta iso an riga an sayar da tikiti wajen 180,000, kuɗinsu Yuro miliyan 24.5. Mafi yawan kuɗin da bikin ke kashewa daga tikiti da masu tallafi yake fitowa. Giɓin da ya rage, wata doka ta 1950 ta raba shi: gwamnatin tarayya kashi 40 cikin ɗari, jiha da gari da asusun yawon buɗe ido kowanne kashi 20.

Maris zuwa Afrilu 2020: ƙofofi sun rufe

Ostiriya ta shiga kulle ranar 16 ga Maris. Washegari Tarayyar Turai ta amince a hana shigowar baƙi daga waje sai da larura. Bikin Ista da ake yi a garin ya faɗi, na ƙarshen Mayu ma ya bi shi. A Jamus, bikin Bayreuth ya sanar da sokewa ranar 31 ga Maris, washegari na Edinbara a Sikotlan ya yi haka.

Makaɗa da mawaƙa na da wani tsoro na musamman. Ranar 10 ga Maris wata ƙungiyar mawaƙa a jihar Washinton ta Amurka ta yi bita da mutum 61. Sama da 50 suka kwanta, biyu suka rasu. Daga nan aka fara kallon waƙa da busa a matsayin hanyar baza cuta, abin da ke nufin rabin sana'ar ta zama abin zargi.

Shugabannin bikin uku ne: shugabar bikin, daraktan fasaha da daraktan kuɗi. Matakinsu na farko shi ne ƙin ɗaukar mataki. Sun ce ba za su soke ba, ba za su tabbatar ba, sai ƙarshen Mayu. An zarge su da taurin kai da kwaɗayin kuɗin tikiti, ganin cewa sauran manyan bukukuwa sun riga sun haƙura.

Afrilu zuwa tsakiyar Mayu: abin da aka gwada bai yiwu ba

Buri na farko shi ne a riƙe tsarin asali, a ɗan jinkirta farawa. Wannan ya mutu da wuri. Opera na bukatar makonni ana bita da mawaƙa da masu ɗinki da masu haɗa dandali, kuma yawancin mawaƙan suna maƙale a ƙasashensu.

Sai ƙa'idojin da gwamnati ta fitar a Afrilu, inda aka yi maganar murabba'in mita 20 ga kowane mutum a cikin ɗaki. Lissafin mai sauƙi ne: makaɗa 100 za su bukaci murabba'in mita 2,000, wanda ya fi ƙarfin yawancin dandali. Ko da an samu filin, mai goge na wannan gefe ba zai ji na wancan gefe a kan lokaci ba, kiɗan sai ya wargaje. Masu gidajen wasa a Viyana suka yi ca a kan gwamnati, har ƙaramar ministar al'adu ta ajiye aiki ranar 15 ga Mayu.

Akwai kuma hanyar yin kiɗa a zaure babu kowa, a watsa ta talabijin da intanet. Ita bikin Proms na Landan ya bi a makonni biyunsa na ƙarshe. Ga wannan gari ba ta warware komai ba, domin ba ta kawo kuɗin tikiti, ba ta cika otal ko gidan abinci.

A cikin Mayu makaɗan Viyana suka shirya nasu gwajin tare da wani likita. Aka sa wa kowane makaɗi siririn bututu a hanci yana shaƙar hazon ruwan gishiri, aka tsayar da shi gaban baƙin labule da fitila mai ƙarfi, aka ɗauki hoton numfashinsa yana cikin kiɗa. Hazon masu goge bai wuce kewayen fuska ba. Wanda ya fi nisa na mai sarewa ne, shi ma bai haura santimita 80 ba. Ƙungiyar ce ta nemi gwajin da kanta, kuma abin da ido ke gani kawai ya auna, bai auna abin da ke taruwa a iskar ɗaki bayan awa biyu ba. Duk da haka ya ba su hujjar neman a bar su su zauna kusa da juna kamar yadda suka saba.

15 ga Mayu zuwa 9 ga Yuni: an rushe, an sake gini

A ranar da ministar ta sauka, gwamnati ta sanar da buɗewa mataki-mataki: mutum 100 daga 29 ga Mayu, 250 daga 1 ga Yuli, sannan daga 1 ga Agusta har mutum 1,000 a cikin zaure, in dai akwai rubutaccen tsarin kariya da hukuma ta amince da shi. Tazarar da dokar ƙasar ta sa mita ɗaya ce, wadda tallan gwamnati ya riƙa kwatantawa da tsawon ɗan giwa.

Ranar 25 ga Mayu kwamitin amintattu ya amince a yi bikin. Ranar 9 ga Yuni aka fitar da sabon tsari: wasanni 110, kwana 30, wurare 8, daga 1 zuwa 30 ga Agusta. Tikiti wajen 80,000, kimanin sulusin dukkan tikitin da aka shirya sayarwa da farko. Babban zauren yana da kujeru 2,179, amma ba zai ɗauki fiye da 1,000 ba. Tikiti 180,000 da aka sayar duk aka warware cinikinsu, aka fara sayarwa daga tushe, waɗanda suka saya da farko aka ba su fifiko. Abin da ba zai shiga ba aka tura shi 2021, aka ce shekarar ɗari za ta miƙa har ƙarshen Agustan baɗi.

Zaɓen abin da za a yi ya bi ƙa'ida ɗaya: babu hutun rabin lokaci. A hutun ne mutane ke cunkushewa a bayan gida da wurin sayar da abin sha, suna magana fuska da fuska. Opera biyu kawai aka bari. Elektra ta Richard Strauss dama zango ɗaya ce, ba ta kai awa biyu ba, sai dai tana bukatar makaɗa sama da 100 a rami ɗaya, wato wurin zaman makaɗa da ke gaban dandali. Così fan tutte ta Mozart ba ta cikin tsarin asali ma. An ɗauko ta ne saboda manyan mawaƙanta shida ne kacal, aka datse ta ta koma awa biyu da 'yan mintuna. Joana Mallwitz, wadda da wata opera dabam aka gayyace ta ta jagoranta, ita aka danƙa wa sandan.

Batun baƙi shi ne inda wuƙa ta fi ci. Jerin ƙasashen da Tarayyar Turai ta buɗe wa ƙofa daga 1 ga Yuli babu Amurka, babu Rasha. Makaɗan Pittsburgh, da za su zo ƙarƙashin Manfred Honeck, ɗan Ostiriya, tafiyarsu ta Turai duka ta rushe. Operar Don Giovanni da Teodor Currentzis zai jagoranta da makaɗansa daga Rasha ta koma 2021. Aka cike gurbi da na kusa: makaɗan Viyana, makaɗan gidan rediyon ƙasa, ƙungiyoyin garin biyu, sai baƙin da hanyarsu ba ta da nisa. Gwani guda ya fi sauƙin shigowa a kan ayarin mutum ɗari, don haka daren makaɗi ɗaya ya samu wuri sosai. Igor Levit shi kaɗai ya ɗauki dare takwas, inda zai buga kaɗe-kaɗe 32, waɗanda ake kira sonata, da Beethoven ya rubuta wa fiyano, a shekarar da Beethoven ɗin ke cika 250 da haihuwa.

Yuni zuwa Yuli: ja, ruwan lemo, rawaya

Aka kafa kwamitin likitoci da masana cututtuka. Shawararsu ta fara da amincewa da abin da ba zai yiwu ba: mawaƙiya ba za ta rera da takunkumi ba, ɗa da uwa a cikin wasa ba za su yi faɗa da tazarar mita ɗaya ba. Maimakon a shimfiɗa wa kowa doka ɗaya, sai aka raba ma'aikata gida uku gwargwadon kusancin da aikinsu ke tilasta musu.

Rukunin ja su ne na kan dandali da cikin ramin makaɗa, waɗanda ba tazara ba takunkumi. Su ake yi wa gwaji kafin fara aiki, a kuma riƙa maimaitawa a kai a kai. Kowannensu yana da littafin da yake rubuta lafiyarsa da duk wanda ya yi mu'amala da shi a ranar. Rukunin ruwan lemo su ne masu shiga jikin na ja lokaci-lokaci, irin masu kwalliya da masu sa kaya, su kuma takunkumi ne dokarsu. Rukunin rawaya su ne waɗanda aikinsu bai hana su tazara ba.

A farkon Yuli gwaji ya nuna wata ma'aikaciyar wucin gadi a ɓangaren ofis tana ɗauke da cutar. Aka killace waɗanda suka yi hulɗa da ita, aka gwada su, abin bai bazu ba. Sai kuma a ƙarshen watan, saura 'yan kwanaki a buɗe, cutar ta ɓarke a St. Wolfgang, wani garin shaƙatawa a bakin tafki da bai kai tafiyar awa ɗaya daga garin ba. Gomman mutane suka kamu, yawancinsu matasa masu koyon aikin otal. Jaridun Ostiriya da Jamus suka sake tambaya ko hankali ne a tara dubban mutane, da yawansu dattawa, a irin wannan lokaci. Ba a canza ranar ba.

1 zuwa 30 ga Agusta

Kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, a ƙofa kuma sai ka nuna katin shaida. Ba a ba wa aboki, ba a sayar wa ɗan bumburutu a bakin titi. An raba ƙofofin shiga domin kada layi ya taru. A ciki an jera zama kamar gidajen dara: kujera ɗaya a zauna, ɗaya a bari, layin baya kuma a goce, yadda ba mai numfashi a ƙeyar wani. Ana shiga da takunkumi, a cire in an fara, a mayar idan an gama. Ba abinci, ba abin sha. An kuma hana fifita da mafici, don kada mutum ya kaɗa numfashinsa zuwa ga maƙwabcinsa, kuma Agusta ne, matan da suka saba zuwa da maficinsu sun ji a jikinsu.

Elektra ta buɗe ranar 1 ga wata a tsohon filin horar da dawaki da aka sassaƙa a jikin dutse, Franz Welser-Möst yana jagora, makaɗan Viyana cike da rami kafaɗa da kafaɗa. Washegari aka yi Così, Mallwitz ta zama mace ta farko da ta jagoranci sabon shirin opera a kan dandalin bikin cikin shekara ɗari. Andris Nelsons ya jagoranci simfoni ta 6 ta Mahler, simfoni kuwa dogon kiɗa ne na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. Riccardo Muti ya jagoranci ta 9 ta Beethoven, da cikakkiyar ƙungiyar mawaƙa a tsaye suna ɗaga murya, wato abin da aka fi tsoro tun Maris. Madugai Christian Thielemann da Gustavo Dudamel su ma sun zo. Daniel Barenboim ya kawo makaɗan West-Eastern Divan, ƙungiyar da ta haɗa Larabawa da 'yan Isra'ila. Makaɗan Filhamonik na Balin ƙarƙashin Kirill Petrenko suka rufe a kwana biyun ƙarshe.

Bayan an tashi

Alƙaluman da bikin ya fitar: 'yan kallo 76,500 daga ƙasashe 39, kashi 96 cikin ɗari na kujerun da aka buɗe sun cika, kuɗin tikiti Yuro miliyan 8.7. A 2019 kuɗin ya haura miliyan 30. An yi wa ma'aikata gwaji wajen 3,600, kuma ban da ma'aikaciyar nan ta watan Yuli ba a samu wani ba. Ba a kuma danganta kamuwar wani ɗan kallo da bikin ba.

Gidajen wasa da dama suka nemi kwafin tsarin. Sai dai da sanyi ya shigo cutar ta dawo da ƙarfi, ranar 3 ga Nuwamba aka rufe duk gidajen kiɗa da wasa na Ostiriya, har da waɗanda ke bin tsarin sau da ƙafa. Ba a buɗe wa 'yan kallo a faɗin ƙasar ba sai 19 ga Mayu, 2021.

A 2021 an cika zaurukan ba tare da barin kujera ba, da sharaɗin shaidar allura, ko gwaji, ko warkewa. Tikiti mai suna ya ci gaba. Bayan daren farko aka gano wani ɗan kallo, mai allura ma, yana ɗauke da cutar. Sunayen da ke kan tikiti suka nuna waɗanda suka zauna kewaye da shi, aka kuma wajabta takunkumin FFP2, mai tace iska sosai, har a lokacin kiɗa.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina jinkirin yanke hukunci ne ya fi komai tasiri, kuma shi ne aka fi zagi. Wanda ya soke a ƙarshen Maris ya yi hukunci da ilimin Maris. Wanda ya jira zuwa 25 ga Mayu ya tarar da wata doka dabam. Sai dai ba kowa ke da ƙarfin jira ba. Bikin da doka ta ɗora wa gwamnati giɓinsa zai iya zama wata biyu bai san matsayinsa ba, ya kuma haɗiye asarar sama da Yuro miliyan 20 na tikiti. Wanda ke rayuwa da kuɗin ƙofa kawai, da ya gwada haka da ya durƙushe.

Na biyu shi ne raba ma'aikata gwargwadon kusanci. Dokar murabba'in mita 20 ta gaza ne saboda ta ɗauki mai goge da mai buga takarda a ofis a matsayin abu ɗaya. Tsarin launuka uku ya tara gwaji da sa ido a kan 'yan ɗaruruwan da ba su da wata kariya, ya bar sauran da takunkumi mai araha. Tikiti mai suna kuwa bai hana kowa kamuwa ba. Amfaninsa shi ne rage girman ɓarna in an kamu, kuma ba a ga ranarsa da kyau ba sai a 2021.

Ban yarda a ɗauki rashin kamuwar nan a matsayin shaidar cewa tsarin ya gagari cutar ba. A Agustan 2020 masu kamuwa a Ostiriya ɗaruruwa ne a rana, zuwa Nuwamba sun koma dubbai. Zaure mai mutum 1,000 a ƙasar da cuta ta lafa yana iya wucewa lafiya ko da tsarin yana da ɓaraka, tun da da wuya a samu mai cutar a ciki. 'Yan kallo kuma ba a yi musu gwaji ba, don haka abin da aka sani shi ne ba a gano ba. Tsarin yana da kyau, lokacin ma ya yi masa gata, kuma watan Nuwamba ya nuna iyakarsa.

Inda aka gaza ƙarara shi ne ainihin abin da aka san bikin da shi, wato tara makaɗan duniya wuri ɗaya. Duk dabarun nan a cikin zaure suke aiki, ba su da iko a kan iyakar ƙasa ko jirgin sama ko sauran garuruwan da ke raba kuɗin tafiya. Bikin shekara ɗari ya zama kusan na Viyana da Balin da gwanayen da suka iya shigowa ɗaya-ɗaya. Makaɗan Pittsburgh ba su taka dandalin ba sai a ƙarshen Agustan 2022.